Aikin jinya a garuruwan gaɓar tekun Ingila ba na lokacin hutu ba ne

Mutane da yawa suna ɗauka cewa garuruwan gaɓar teku na Ingila, irin su Blackpool da Skegness da Hastings, wuraren shaƙatawa ne kawai, don haka ma'aikacin jinya ba zai samu aiki mai ɗorewa ba sai a Landan ko Manchesta. Wannan fahimta kuskure ce.

Masu yawon buɗe ido suna zuwa da bazara su tafi, amma mazauna garin suna nan duk shekara, kuma da yawansu tsofaffi ne da suka koma can bayan ritaya, waɗanda ciwon zuciya da ciwon suga da cututtukan huhu suka fi addaba. Rahoton da babban jami'in lafiya na Ingila, Farfesa Chris Whitty, ya fitar a 2021 ya nuna cewa waɗannan yankuna sun fi fama da cututtuka, alhali ma'aikatan jinya da likitocinsu ba su kai na sauran wurare ba idan aka kwatanta da yawan marasa lafiya. Matasan da suka yi karatu sukan bar garin, shi ya sa guraben suke daɗewa ba a cike ba.

Albashi ma ba ya raguwa don mutum yana bakin teku, domin NHS, wato hukumar kula da lafiya ta gwamnati, tana biya bisa tsarin albashi iri ɗaya a faɗin Ingila, sai dai Landan da kewayenta suna da ƙarin kuɗin tsadar rayuwa, wanda kuɗin hayar gida yakan cinye. Wahalar gaskiya ita ce nisa daga manyan asibitocin koyarwa da ƙarancin motocin haya ga mai aikin dare.