Ranar da na wanke walat a Munik

Wallahi talauci ba ya jin wa'azi. Wani yayana da ya daɗe a Jamus ne ya ja ni Marienplatz, wato tsakiyar birnin Munik, wai in ga gari in daina kwanciya a falonsa. Muna isa ya fara yi min lacca, wannan dogon ginshiƙin mai mutum-mutumin Maryam na zinariya a sama tun 1638 aka kafa shi, wancan ƙaton ginin mai tsini-tsini kuma shi ne sabon ofishin magajin gari duk da ya fi tsohon kama da tsoho, ni dai ina ta gyaɗa kai yunwa na cina.

Sai da muka zo wani ɗan kwarmin ruwa mai kifin tagulla a bisa, Fischbrunnen, sannan kunnena ya buɗe. Ya ce duk shekara mutanen garin har da shi kansa magajin gari suna zuwa su wanke walat a nan don kada kuɗi ya yanke musu. Na ce a'uzubillahi camfi! Yana juya baya ya amsa waya na zaro tawa na tsoma.

Daidai nan ƙarfe 11 ta buga, agogon da ke jikin sabon ofishin magajin garin mai ƙararrawa 43 ya fara kiɗa, mutum-mutumai suka fara zagaye ana bikin auren wani sarkinsu na 1568, ga mahaya biyu da māsu, kullum na Bavariya, wato jihar da Munik take, shi ne ke kayar da ɗayan amma turawan nan ihu suke kamar yau aka fara. Ni ma na saki baki na ɗaga kai, na saki walat. Da kyar na lalubo ta hannun rigata sharkaf, ga tikitin jirgina na takarda ya zama kunu.

Yayana ya dawo ya kalle ni ya kalli walat ya ce, kai Allah ya shirye ka, ai sai an zazzage ta tukuna, kuma rana ɗaya ce a shekara, Larabar da Kiristoci ke fara azumi, mu kuwa muna watan Yuli.

A jirgin komawa masu duba tikiti suka shigo. Na miƙa musu kunun, matar ta juya shi ta juya, ta rubuta min tarar yuro 60. Yayana ne ya biya, har yau idan an zauna cin abinci sai ya tambaye ni ko akwai abin da za a wanke.