Ba a sayar da Aramco ba

Maganar ta yi yawa a bakin Hausawan Makka da Jidda: wai Saudiyya ta sayar wa 'yan jari-hujja Aramco, kamfanin man fetur na ƙasar, yanzu su ke juya gwamnati. Tana da tushe, domin a Disambar 2019 an kai hannun jarin kamfanin Tadawul, kasuwar hannun jari ta Saudiyya. Sai dai kashi 1.5 cikin ɗari aka fara sayarwa, kuma har yau sama da kashi 95 na hannun gwamnati da asusunta na zuba jari, PIF. Mai ɗan hannun jari ribarsa kawai yake karɓa, ba shi da ta cewa kan yawan man da za a haƙo. Dubi fetur: a Yulin 2021 gwamnati ce ta tsayar da farashin litar fetur mai lamba 91 a riyal 2.18, ko farashi ya hau a kasuwar duniya.