Saƙon da ba kai ba gindi

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Jiya ina dawowa daga sallar asuba na tsaya wurin mai fanke a unguwarmu nan Sakkwato, na tarar ƙullunta ya tashi har yana neman zubowa daga roba. Ɗan yis ɗin da ta barbaɗa tun dare ne ya yi aikin. Muna ɗaukarsa gari kamar gishiri, alhali halitta ne mai rai, kowace ƙwayarsa ido bai iya ganinta. A 1996 masana suka gama karanta rubutun gadonsa, suka iske umarni kusan 6000.

Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ƙwayar nan take karɓar umarni. In za a ƙera furotin, sai a kwafo saƙo daga rubutun gadon nan, wato DNA, saƙon zare ne na haruffa da ake kira mRNA. To isowar saƙo ba ita ce aiki da shi ba. A kansa akwai wata 'yar hula, furotin eIF4E ya zo ya kama ta. A gindinsa akwai doguwar jela ta harafin A zalla, furotin Pab1 ya riƙe. Sai furotin eIF4G ya dafa su biyun, kai da gindi su haɗu kamar zobe. Ƙaramin ɓangaren ribozom, wato maƙerar furotin, ya hau zaren yana bi sannu sannu, furotin eIF4A na warware inda ya harɗe, har a iske haruffan AUG. Nan ake buɗe karatu, haruffa uku-uku. A zame da harafi ɗaya, duk abin da ya biyo baya ya zama shirme. Saƙon da jelarsa ta gutsure kuwa, a tuɓe masa hula, furotin Xrn1 ya cinye shi tun daga kai. Subhanallah!

Mu kuma da aka ba hankali fa? A yanko guntu daga karatun malami na awa biyu, ba tambayar da aka yi masa, ba inda ya ƙarasa, a watsa a WhatsApp, kafin azahar an gama zaginsa. Ga aya ta 6 a Suratul Hujurat tana cewa mu yi bincike in fasiƙi ya zo da labari. Ga hadisin da Muslim ya ruwaito, cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Mun haddace, yatsa ne bai ji.

Ba ku kaɗai nake yi wa ba. Na taɓa tura sanarwar rasuwar wani dattijo abokin mahaifina, ban kira kowa ba, ban ma duba daga inda ta fito ba. Ashe dattijon na kwance asibiti da ransa. Ɗansa ya kira ni, muryarsa na rawa, ya ce, "Yaya, mutane sun cika ƙofar gida suna tambayar lokacin jana'iza." Allah Ya yafe mini, har yau kunyar gaishe shi nake.