Ƙannena masu ɗaukar hoto, a yi hattara da kyamarar burga

Assalamu alaikum. Da ku nake ƙannena da kuka shigo sana'ar hoto a 'yan shekarun nan, ku da ke cika Ƙofar Soro ta Katsina ranar hawan Sallah, kowa da kyamara rataye a wuya. Akwai wani ciwo da ke yaɗuwa a tsakaninku. Yaro bai gama sanin yadda ake sarrafa haske ba, amma ya haddace sunayen kyamarori masu tsada, yana kwana yana tashi da Leica da Hasselblad a baki. Har an fara jin masu cewa za su sayar da fili ko su ci bashi don su mallaki irinsu.

Ba na musun kyawunsu. Leica M11 da Jamusawa suka fitar a 2022 tana da megafiksel 60 (ma'aunin yawan ɗigon da ke cikin hoto ke nan), kuɗinta a lokacin kusan dala 9,000, gangar jiki kawai, babu lens, wato gilashin da ake ɗaura mata a gaba. Hasselblad X2D ta ƙasar Siwidin, mai megafiksel 100, ta haura dala 8,000 lokacin da ta fito a 2022. Lokacin da dala ta wuce naira 1,500 a 2024, Leicar nan kaɗai ta fi naira miliyan 13. To zauna ka yi lissafi. A ce kowane biki yana bar maka ribar naira 100,000 bayan ka biya yaranka, ka sha mai, ka buga albam. Sai ka yi biki sama da 130 kafin kyamarar ta mayar da kuɗinta. Ka tuna kuma da azumi biki ɗaukewa yake yi, da damina ma kasuwar sai a hankali.

Sannan hotunan nan ina suke zuwa? Amarya ta karɓa ta WhatsApp, wanda ke matse hoto har ya rage nauyi. Ƙawaye su sa a Instagram, inda hoton ke komawa ɗan ƙarami daidai fuskar waya. Kyamara mai megafiksel 24 tana ba ka hoto mai faɗin fiksel 6,000, wanda za a buga shi inci 20 ya fito tas, kuma wannan ya fi yawancin firam ɗin da ake ratayawa a falo. Uwar amarya ba za ta taɓa tambayarka sunan kyamararka ba. Abin da za ta duba shi ne ko fuskar 'yarta ta fito da kalarta ta gaskiya, ko lallen ya fito, ko an ɗauki Hajiya Babba da ta taso tun daga Daura, sannan ko ka kawo aikin ranar da ka yi alkawari.

Ga wani abu da masu yabon Leica M ba su cika faɗa muku ba: ba ta saita kanta, da hannu ake murza lens har hoto ya daidaita. An yi ta ne don mai yawo a titi a natse, yana jiran abin da zai ɗauka. Kai kuwa ka je hawan Bariki, dawakai sun taho a sukwane za su yi jafi, ga ƙura, ga hayaƙin bindiga, ga dogarai na kora mutane baya. Kafin ka gama murzawa mahayin ya wuce. Wanda ke gefenka da tsohuwar Canon da doguwar lens ta 70-200 ya riga ya ɗauki goma, kuma ya fi ka sanin inda ake tsayawa rana ta kasance a bayansa. Wannan sanin ba a kanti ake sayensa ba, sai an bi manya ana riƙe musu jaka.

Kar a manta da hunturunmu. Ƙurar Katsina ba ta san tsada ba, duk inda ta samu kafa shiga take. Canon ko Nikon ta samu matsala, ka hau mota zuwa Kano, ko ka aika Legas, a duba maka. Leica kuwa babban gyaranta sai an kai ta ƙasar waje, wani lokaci har Wetzlar a Jamus inda kamfanin yake, ka yi ta jira alhali ka karɓi kafin alƙalamin mutane.

Akwai waɗanda irin wannan kaya ya dace da su: mai ɗaukar hoton talla ga manyan kamfanoni, ko mai adana tsofaffin rubuce-rubuce da kayan tarihi, inda ake son kowane ɗigon tawada ya fito. Su aikin ne ke biyan kuɗin kyamarar. Idan Allah ya kawo maka irinsa sau ɗaya, nemi haya ka yi ka mayar. Mai kuɗin da ya saya don sha'awa kuma, dukiyarsa ce, ba ruwanmu.

Kai da ke neman abinci da hoto, Canon 5D Mark III ta 2012, ko Nikon D750 ta 2014, ko Sony A7 III ta 2018 in aljihu ya kai, kowace za ta yi maka aiki. Dukkansu suna cin katin memori biyu, ɗaya ya lalace ɗayan na nan, domin ɗaurin aure ba a maimaita shi. Ragowar kuɗin ka sayi lens 50mm f/1.8 mai araha don ɗakin amarya da ba haske, da filas mai kyau don dina, da batura da yawa tunda kun san halin wutarmu, da faifan ajiya biyu. In da hali ka ƙara kyamara ta biyu ko da ƙarama ce.

In za ka sayi ta hannu, kar ka je kai kaɗai, tafi da wanda ya girme ka a sana'ar. Ku duba yawan bugun da ta yi, wato adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, don 5D Mark III da D750 an ƙiyasta musu 150,000 ne. Ku ɗauki hoton farin bango ku ga ko akwai tabo, ku gwada ramin kati duka biyun, kuma ka karɓi rasit mai lambar kyamarar kafin ka miƙa kuɗi.