Aljanin da kuke nema, babur yake hawa

Don Allah kada wanda ya ƙara turo mini bidiyon nan na yarinyar da aka karɓo daga hannun masu garkuwa da mutane, ake cire mata aljani. Na gani, kuma hukuncina bai sauya ba: cin zali ne aka sa masa rawani aka kira shi ruƙiyya.

Yarinya ta yi watanni a hannun yaran daji. Iyayenta sun sayar da gona da shanun huɗa sun biya kuɗin fansa. Ta dawo ba barci, ba cin abinci, da ta ji ƙarar babur sai ta shige ƙarƙashin gado tana kyarma. Shi ne manyan masana suka zauna suka gano cewa aljanin daji ta kwaso. Ƙarti huɗu suka danne ta, ana banka mata hayaƙi a hanci, Malam na daka tsawa, "Wane ne kai? Faɗi sunanka! Za ka fita ko sai na ƙone ka?" Wani kuma ya ɗaga waya yana gyara tsayuwa don fuskarta ta fito sosai. Masha Allah, aiki ya yi kyau. Saura a sa lambar waya a ƙasa don masu buƙata.

To ku gaya mini, me aka yi mata a daji in ba wannan ba? Maza sun danne ta, ana yi mata tsawa, tana ihu ba mai ceto. Abin da ta baro a can shi kuka shirya mata a tsakar gidan ubanta, sai dai ku kun fara da bisimilla. Da ta sume kuma aka yi kabbara wai ya fita.

A cikin mutanen da suka cika gidan nan, wa ya tambaye ta? An tambayi aljani sunansa, an tambaye shi garinsu da addininsa, har an tambaye shi ta wace ƙofa zai fita. Ita mai jikin ba wanda ya durƙusa ya ce, "Ɗiyata, mi ke damun ki?"

Na san masu cewa "wato kai ba ka yarda da aljanu ba" sun riga sun fara rubutu. Ku huta. Suratul Jinni tana nan a Alƙur'ani, ruƙiyya kuma ta tabbata a sunna matuƙar babu shirka a ciki, ni ma da ita na tashi. Amma wanda ya ɗauke yarinyar nan mutum ne, yana da uwa da uba, yana shan fetur a babur ɗinsa, yana kiran waya yana cinikin fansa. Wanda ya ga abin da ta gani, jikinsa kan ƙi yarda cewa an gama. Zuciya na bugawa kamar yanzu za a shigo, mafarki na maimaita daren, ƙara kaɗan sai firgita, mutum ya riƙa gudun duk abin da zai tuna masa. Likitoci sun san wannan larura, PTSD suke ce mata, sojojin da suka dawo daga yaƙi ma na fama da ita. Mutane da yawa kan samu sauƙi a hankali in suna cikin dangi masu tausayi. In abin ya wuce wata ɗaya yana hana mutum rayuwa, lokacin neman wanda ya san aikin ya yi.

Ku kuma 'yan bokonmu da kuka samu abin dariya, kuna ta "jahilci ne, a kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa," sannunku da ƙoƙari. Wane likitan? Najeriya da ke da mutum sama da miliyan 200, likitocin ƙwaƙwalwarta ba su kai 300 ba. Daga Gusau zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Kware tafiyar sama da kilomita 200 ce, a kan hanyar da kowa ya san halinta. Mutumin da ya sayar da gonarsa jiya, da me zai yi kuɗin mota? Malam kuwa yana nan bayan gida, kuma shi suka yarda da shi. Su Turawan da kuke ganin sun gama wayewa, kuɗi suke biya a yi musu Reiki, wata hanya da ta fito daga Japan wadda ake shawagi da tafin hannu a saman jikin mutum wai ana daidaita masa ƙarfin da ke gudana a ciki. Babu binciken da ya tabbatar da samuwar wannan ƙarfin, amma wasunsu na haɗa shi da zaman tattaunawa da ƙwararre, ba ku ce musu jahilai ba. Sai Fatiha da tofin kakarku ne abin kunya.

Maganata ɗaya ce, kuma zan yi ta maimaita ta har ku gaji: a yi mata addu'a, a kuma saurare ta. Biyun ba sa faɗa da juna. Wanda ya ce sai an zaɓi ɗaya, ko dai kasuwarsa yake karewa ko girman kansa.

Abin ma ba sabo ba ne. Tun 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abekuta, inda marasa lafiya ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu, yana kuma aiki da masu maganin gargajiya. Mutumin nan daga baya har mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya ya zama. A 2020 Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi a Ibadan da Kumasi, inda ma'aikatan asibitin matakin farko suka riƙa zuwa wuraren masu maganin gargajiya da masu addu'a suna duba masu taɓin hankali tare. Waɗanda aka yi wa haɗin gwiwar sun fi samun sauƙi. A Harare ta ƙasar Zimbabwe kuma Dakta Dixon Chibanda tsofaffin mata ya horar, suna zama a benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, zama shida kacal, aka gwada aka ga yana aiki. Tsofaffin mata fa! Mu da kowace unguwa ke da malamar Islamiyya da ungozoma da inna mai faɗa a ji, me muke jira?

Mu ma da muke da abin koyi a gida. Ranar da wahayi ya fara sauka, Annabi (SAW) ya dawo daga kogon Hira zuciyarsa na bugawa, yana cewa a lulluɓe shi. Nana Khadija ta lulluɓe shi, ta bari har tsoron ya kwanta, ya ba ta labari ta saurara, ta kwantar masa da hankali da kyawawan halayensa, sannan ta kai shi wurin Waraƙa bin Naufal, mai ilimin abin. Ba ta tara jama'a ba, ba ta ɗaga murya ba. Annabi Yakubu kuwa baƙin cikin rabuwa da ɗa ne ya mayar da idanunsa fari, ba wanda ya isa ya ce imaninsa ne ya yi rauni. Amma mu da yarinya ta fara kuka sai "ki yi haƙuri, ƙaddara ce, kada ki ƙara tayar da maganar." Haƙurin da muke nufi shi ne ta yi shiru don mu samu barci.

Akwai wata tsohuwa a unguwarmu da na ga yadda ta yi da wata baiwar Allah da ta dawo daga daji. Kullum bayan la'asar za ta zo da ƙwaryar gyaɗa, ta zauna a bakin tabarma, ta karanta Falaƙi da Nasi a tafin hannunta ta shafa mata a ka, amma sai ta ce, "In taɓa ki?" tukuna. Daga nan sai ɓarar gyaɗa, ba tambaya ba nasiha. Makonni aka yi a haka kafin wata rana matar ta buɗe baki da kanta ta ce akwai wani yaro da suka baro a can yana zazzaɓi, kuma muryarsa ce take ji da dare. Tsohuwar nan da kanta ta raka ta asibiti daga baya, saboda rashin barcin ya ƙi ƙarewa. Ba ta ga hakan ya rage wa tofinta daraja ba.

Kada kuma wani ya ɗauka cewa na ce a tsare ta da tambayoyi a gaban 'yan barka, "sun taɓa ki? su nawa ne?" Wannan gulma ce. Ƙwararru ma ba sa tilasta wa mutum ya amayar da komai a zama ɗaya. Ita za ta zaɓi ranar, ta zaɓi wanda za ta gaya wa, kuma abin da ta faɗa a nan zai tsaya. Sannan wadda aka yi wa fyaɗe, maganin kariya daga cutar HIV cikin awa 72 ake fara shi. Duk kwanan da aka ɓata ana ciniki da aljani, daga wannan lokacin ake cirewa. Malamin kirki shi zai fara cewa ku je asibiti, ku dawo mu ci gaba da addu'a, kuma akwai irinsu da yawa, ba sa bidiyo ne kawai.

Ɗalibai mata 279 na makarantar Jangebe a Zamfara da aka sace, aka sako su a farkon Maris na 2021, duk mun ga hotunansu a gidan gwamnati cikin sababbin hijabai, muka yi hamdala, muka wuce. Mu a wurinmu labari na ƙarewa ranar dawowa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin ta 1958, wadda sunanta ma dokar mahaukata ne, amma je ka asibitin ƙaramar hukumarku ka nemi ɗaki ɗaya mai ƙofa inda mace za ta yi magana ba a ji ta a layin karɓar kati ba.