Mita 66.73, da malamin da ke bayanta

Duk lokacin da gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya ta zo, hankalin jama'armu yana kan tseren mita 100 ne, sai kuma Tobi Amusan idan za ta tsallake shingaye. Ban ga laifin kowa ba. Amma ni wasan da ke zaunar da ni gaban talabijin har a tashi shi ne jifan mashi na mata, kuma akwai wata magana a kansa da ta daɗe tana ci mini rai.

Ku tuna Budapest, babban birnin Hungary, a watan Agustan 2023. Mata goma sha biyu ne ke shiga zagayen ƙarshe, kowacce ta yi jifa uku, sannan a ware takwas na gaba a ƙara musu uku. Tun a jifan farko Flor Denis Ruiz ta Kolombiya ta aika mashinta mita 65.47, nisan da babu wata mace daga Kudancin Amurka da ta taɓa kaiwa. Aka yi ta jifa, babu wadda ta kamo ta. Haruka Kitaguchi ta Japan tana ta huɗu, ko tagulla ba ta da ita, sai jifa ɗaya ya rage mata. Ta sheƙo da gudu, ta saki mashin, ya sauka a mita 66.73. Zinare ya koma Japan. Na taya ta murna, amma wallahi Ruiz ta ba ni tausayi, don ta riƙe gasar tun daga farko har sai da ta ga ƙarshenta da ido.

Mutane da yawa suna ɗauka wannan wasa na masu damtse ne kawai. Mashin mata giram 600 ne, tsawonsa mita 2.2 zuwa 2.3, yarinya 'yar firamare ma za ta ɗaga shi. Wahalar tana wajen yadda za a tattara gudun da aka yi a juye shi cikin hannu a ƙiftawar ido: a kafe ƙafar gaba ta tsaya cak, ƙugu ya juya, ƙirji ya biyo, hannu ya zo a ƙarshe kamar bulala. Kuma dole tsinin ne zai fara taɓa ƙasa, idan ƙafa ta taka layi jifan ya tashi a banza. A 1999 ma an sake fasalin mashin mata, aka matsar da nauyinsa gaba don ya riƙa sauka da tsini, aka buɗe sabon littafin tarihi. Shi ya sa mita 80 da Petra Felke ta Jamus ta Gabas ta jefa a 1988 take gefe guda, bajintar da ake ƙirgawa yanzu kuwa ita ce mita 72.28 ta Barbora Spotakova ta ƙasar Cek, tun 2008.

Irin wannan aiki ba a koyonsa da ka. Sai da malami a tsaye yana gyara gwiwar hannu, yana gyara taku, shekara da shekaru.

Ita kanta Kitaguchi da ninƙaya da badminton ta taso a Asahikawa, sai a makarantar sakandare ta fara riƙe mashi. Da ta ga tana bukatar wanda zai kai ta gaba, ta tattara kayanta a 2019 ta tafi wani ƙaramin gari, Domazlice, a ƙasar Cek, wajen koci David Sekerak. Ta zauna cikin mutanen da ba ta jin harshensu har ta koya. Shekara guda bayan Budapest ta ci zinaren Olamfik a Paris da mita 65.80. Wadda ta zo ta biyu a ranar 'yar Afirka ce, Jo-Ane van Dyk ta Afirka ta Kudu. Kafin ita akwai 'yar ƙasarsu Sunette Viljoen, wadda ta ci azurfar Olamfik a Rio a 2016 kuma ta jefa mita 69.35 a 2012. Dukansu biyu a Potchefstroom ta Afirka ta Kudu suka yi horo, garin da ke da fili da kaya da masu koyarwa. A Tokyo kuma, a 2025, Juleisy Angulo ta Ekwado ce ta ɗauke zinaren duniya da mita 65.12. Kolombiya da Ekwado ba su fi mu yawan jama'a ba, ko kusa.

To mu fa? Kelechi Nwanaga ta ci wa Nijeriya zinare a Wasannin Afirka a 2015 da 2019, ke nan hannun yana nan. Amma a makarantunmu na 'yan mata, mashi yana kwance a sito ne sai ranar gasar wasannin shekara. A fito da shi, a kira wadda ta fi kowa jiki a ce ta jefa, a tafa mata, a ba ta kyauta, a mayar da shi sito. Babu wanda zai ce mata, 'yata, yadda kika riƙe shi ba daidai ba ne, dawo gobe in nuna miki. Abin da ke ƙona mini rai shi ne wannan wasa ba ya bukatar katafaren filin wasa, kuma iyayen da ke damuwa da sutura su kwantar da hankali, ana iya yin sa da dogon wando da riga mai hannu da kallabi. Fili muna da shi har ya yi yawa.

Don haka roƙona ga kwamishinonin wasanni na jihohinmu da shugabannin makarantu kai tsaye ne. Kafin a sake kashe kuɗi wajen rumfuna da kujerun manyan baƙi, a ɗauki malaman wasanni mata ko da biyu ne a kowace jiha, a tura su kwas na jifa, a saya musu mashin giram 600 na gaske, a ba su 'yan aji ɗaya na sakandare su riƙe har su gama aji shida.