Hoton da ke memori bai tsira ba

Mutane da yawa a Kano sun ɗauka da zarar sun kwashe hotunan biki ko na suna zuwa memori, shi ke nan sun adana. Ba haka ba ne. Memorin yana cikin wayar, in aka ƙwace ta a Adaidaita Sahu tare za su tafi, har da hoton mahaifin da ya rasu. Shi kansa memori yakan lalace ba zato, balle jabu.

Hoto ya adanu ne in yana wuri uku daban: waya, filash ko kwamfuta a gida, da Google Photos. Google na ba da gigabait 15 kyauta, amma haɗe da Gmail. WhatsApp kuwa yakan rage wa hoto inganci.